Akwatin da Aka Kwance a Bakin Maƙabarta

Ni ban yi karatu ba, ko na allo ban wuce abin da zan yi salla da shi ba. Ɗiyata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata in ta ga na tsaya ina kuka ta ajiye alƙalami ta jira, kada ta ce mini in yi haƙuri. Haƙuri na yi shi har ya ishe ni. Ubanta ya daɗe a ƙasa, amma har yau ba na ambatonsa idona bai kawo ruwa ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Abin da ya sa nake son a rubuta, kwanan baya a gidan suna na ji wata mata, wadda ko haihuwarta ba a yi ba a lokacin, tana gaya wa na kusa da ita wai mijina a cikin akwati aka binne shi kamar Nasara. Ƙarya ce. An yi akwati, wannan ban musa ba, da idona na gan shi a kan karo, wato amalanken jaki. Amma ba a binne shi a ciki ba, ni kuwa ina wurin.

Ƙauyenmu yana bakin bahar, wato babban kogin ƙasar nan, kusa da Abu Na'ama. Iyayenmu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar hajji, tafiya ta ajiye su nan. Mijina manomi ne, dawa da riɗi da damina, in auduga ta buɗe mu kwashi yara mu tafi tsinka a hawashar mutane, wato gonakinsu na auduga, wani lokaci har Wad Haddad. Can ciwon ya fara nuna kansa. Wata safiya ya sauke butar shayi daga kan garwashi da hannunsa, ya ci gaba da hira. Ni na ji ƙaurin fata, shi bai ji komai ba. Da muka dawo gida babu wanda ya furta sunan ciwon a gabansa, amma kowa ya san kuturta ce.

Wansa, wanda nake kira Yaya, shi ya fara ware masa ƙwaryar sha. A masallaci sahu ya riƙa buɗewa dama da hagu in ya tsaya. Bai yi faɗa da kowa ba, ya koma salla a bayan ɗaki. Da ƙafa ta fara miki, wani direban lori ya gaya mana akwai masu magani a gidan mishan, hayin kwari, tafiyar da za ka fita da hantsi ka isa kafin rana ta take. Yaya ya ce gara ya mutu a gida da ya je hannun Nasara. Na ce to ka zo ka wanke masa ƙafar. Bai zo ba. Na ɗora shi a jaki muka tafi.

Ba su da yawa a gidan. Akwai Baturiya mai magani, muna ce mata hakima. Akwai wani dogon Bature kafinta, wanda ke yi wa majinyata sanduna da takalma. Akwai 'yan kudancin ƙasar nan kaɗan da ke aiki tare da su. Babbansu kuwa Bahaushe ne ɗan'uwanmu, Kirista, ya zo da matarsa tun daga ƙasar Hausa. Kowa Dattijo yake ce masa.

Na shiga da shirin faɗa, na ɗaure zani tamau. Na zaci kafin su taɓa shi sai sun ce ya bar addininsa. Sai hakima ta durƙusa ta kama ƙafar nan da ni kaina nake kau da kai kafin in taɓa, ta ɗora a cinyarta. Na ce wa Dattijo, "Baba, tun da wuri in gaya maka, mu Musulmi ne."

Ya ce, "Na gani, Hajiya. Nan ba a tambayar mutum addininsa kafin a wanke masa miki. Kun ci abinci?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma haka ya kira ni har muka rabu.

Da aka kawo kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa, a akushi ɗaya aka zuba wa maza duka, har Baturen. Mijina ya ja baya ya fito da ƙwaryarsa daga cikin buhu. Dattijo ya karɓe ta, ya rataye a reshen gawon da ke tsakar gida, ya ce, "Wannan ta yi aiki, bari ta huta." Mijina ya sa hannu a akushin, ya kai loma baki, sai ga hawaye. Ni ma nan na fara kuka a gidan, a gaban baƙi.

Ya zauna can, ni na dawo ƙauye wurin yara, ina zuwa ina dawowa. A haka na san halinsu. Kowace safiya suna taruwa a gindin gawon nan su yi waƙarsu da addu'arsu, sannan su maimaita abin da suke kira alkawari, wato abin da suka ɗaukar wa Ubangiji da junansu. Ina zaune nesa ina tsintar dawa, amma kunne ba ya da ƙyaure, har na san wasu daga ciki. Tukunyar gidan ɗaya ce, babu ta Bature babu ta baƙi. Wanda suka karɓa jinya ba sa barinsa shi kaɗai sai ya warke ko sun miƙa shi hannun mutanensa. Kuma ba sa faɗar abu a kan mutum in ba haka yake ba, ko da faɗar za ta amfane su. Akwai kuma wanda ke ba ni dariya, cewa babu mai yanke magana shi kaɗai. Ko akuya za a yanka sai an shimfiɗa tabarma an zauna, kowa ya tofa, har akuyar ta gaji da jira ta kwanta. Na taɓa ce wa matar Dattijo in wuta ta kama ɗakinku sai kun yi zama kafin ku ɗebo ruwa. Ta ce, "Ai shi ya sa muka yi ɗakunan da ƙasa."

Kada wani ya ce na ɓoye: suna son mijina ya shiga addininsu. Ba su taɓa ɓoyewa ba. Dattijo kan zauna kusa da shi da la'asar ya karanta masa littafinsu da Hausa, su yi ta gardama kamar 'yan dara. In ya rufe littafin sai ya ce, "Malam, har yanzu?"

Mijina ya ce, "Har yanzu, Dattijo. Kai fa, ba ka gaji da ɓata ba?"

"Ni da na samu hanya?"

"To Allah ya nuna mana mai gaskiya."

"Amin. Miƙo hannu."

Miƙo hannun nan na alwala ne. Lokacin yatsun sun tafi, ba ya iya riƙe buta. Dattijo ne ke zuba masa ruwa, ya wanke masa fuska da ƙafa yadda mijina ya koya masa, ya shimfiɗa masa buzu ya daidaita shi da alƙibla. Na tambaye shi wata rana, "Baba, kai da kake son ya bari, kai ne kuma kake taya shi?" Ya ce, "Ina son ya zo, Allah ya sani. Amma da ƙafarsa, ba don ya rasa mai zuba masa ruwa ba."

A ƙauye kuwa sunana ya koma matar mishan. In na je ɗiban ruwa a bahar mata su janye tulunansu. Ana cewa an ji mijina yana waƙar Nasara, ana cewa an tsoma shi a ruwa. Duk shekarun nan, daga Yaya har fakin ƙauye, wato limaminmu, babu wanda ya taɓa haura kwarin nan ya ga ko yana raye.

Mijina ya rasu lokacin tsinkar auduga. Tari ne ya kama shi, ƙirji ya cika. Da safe ne, ina gefensa, Dattijo na tallabe da kansa. Da numfashi ya fara yankewa Dattijo ya dube ni ya ce, "Hajiya, laƙƙana masa. Wannan aikinki ne, ba nawa ba." Na sunkuya na yi ta maimaita masa kalmar shahada a kunne, leɓɓansa na bi na. A kanta ya cika.

Dakata, ɗiyata. Bari in share ido.

Na ce zan je in sanar da Yaya a shirya jana'iza. Dattijo ya ce zai raka ni, don ya san abin da ke jirana. Muka bar gawa da hakima da kafinta. Mun iske faki a inuwar masallaci da dattawa, Yaya na cikinsu. Na durƙusa daga nesa na faɗa. Sai faki ya ce, "Mutumin da ya shekara da shekaru yana cin tuwon Nasara, yana kwana cikin waƙarsu, wa zai shaida mana a kan me ya mutu?"

Na ce, "Ni."

"Ke matarsa ce."

Dattijo ya matso ya gaishe su, ya ce shi shaida ne, shi ke zuba masa ruwan alwala. Faki ya ce, "Shaidar Nasara ba ta shiga nan."

Dattijo ya ce, "Allah gafarta Malam, da zan yi ƙarya, ai ta wancan gefen zan yi. Mun daɗe a ƙasar nan, ba mu da mutum ko guda daga cikinku da za mu nuna mu ce ga namu. Da na yi shiru yau, da mun samu. Na roƙi mutumin nan har bakina ya gaji, ya ƙi ni. Naku ne."

Na ga maganar ta shiga. Faki ya sunkuyar da kai yana jan carbi, wani tsoho ya ce ai kam maganar tana da kai. Ana cikin haka muka ji ƙarar karo. Kafinta ne ke jan jaki, hakima da matar Dattijo da 'yan kudu na biye. A kan karon ga akwati, sabo, an goge shi sumul. Ashe tun da ciwo ya tsananta kafinta ya cire ƙyauren ɗakinsa, don katako a ƙasar nan ba abin samu ba ne, ya ƙera shi a ɓoye. A ƙasarsu haka ake girmama mamaci. Shi da hakima suka ga kada su bar mu da wahalar ɗauko gawa, suka sa shi a ciki suka taho. Ranar nan kaɗai suka yi abu ba su zauna ba, ba su jira Dattijo ba.

Yaya ya miƙe ya nuna da hannu, ya ce, "Ga shaidarku nan tafe a kan jaki." Faki ya kaɗe rigarsa ya shige masallaci. Kafin karo ya tsaya mutanen da ke inuwar nan sun watse.

Na yi kan kafinta. Na zage shi da Hausa, da ta ƙare na koma Larabci. Na ce ka kashe shi sau biyu. Dogon mutumin nan ya tsaya, hula a hannu, bai san abin da ya yi ba sai da Dattijo ya gaya masa da yarensu. Na ga fuskarsa ta zube. Can ya ce, da guntun Larabcinsa, akwai wuri a gindin gawo, su za su binne shi da daraja, ba sai an roƙi kowa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta ɗan karkata. Rana ta fara zafi, gawa ba ta jira, kuma a gindin gawon nan ne kaɗai aka taɓa cin abinci da shi a akushi ɗaya. Amma na tuna leɓɓansa suna bi na da safe. Na ce a'a. Mijina Musulmi ne, cikin Musulmi zai kwanta, da salla.

Nan a bakin hanya, cikin ƙura, suka zauna suka yi zamansu. Wannan karon ban yi dariya ba. Dattijo ya ce, "Ba namu ba ne, ba mu da ikon binne shi." Hakima ta ce, "Kuma ba mu miƙa shi hannun kowa ba tukuna, ba za mu tafi ba." Aka bi kowa, har ƙaramin cikin 'yan kudu, kowa ya ce haka ne. Sannan Dattijo ya juyo ya ce, "Hajiya, me za mu yi?"

Na ce a kai shi bakin maƙabarta, a fitar da shi daga cikin abin nan, a kwance shi.

Na shiga ƙauye na ɗauko angarib ɗina, gadon igiya da muke kwana a kai, wanda a nan shi ne makara. Na ɗora a ka, na bi ta tsakiyar gari da shi, ta gaban masallaci, ban bi ta bayan gidaje ba. Mata na leƙe ta kan danga. Na ɗauko farin tob ɗina, babban mayafina, da tulun ruwa. A gindin wata aduwa, wajen shingen ƙaya na maƙabarta, hakima da matar Dattijo suka riƙe zannuwa suka kare mu, ni na wanke mijina da hannuna. Na yaga tob ɗin na yi masa likkafani. Ina yi ina jin kafinta a bayana yana zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, yana jan majina kamar yaro. Ya jera katakon a gefe.

Sai jira. Inuwar aduwa ba ta da kauri, da rana ta take ta gudu ta bar mu. Suka kama bakin zani huɗu suka ɗaga a kan angarib, in hannun wannan ya gaji wancan ya karɓa. Hakima fatarta ta yi ja kamar an watsa mata ruwan zafi. Matar Dattijo na korar ƙuda da mafici. Babu wanda ya yi waƙa ko ya buɗe littafi. Ba su tsallake shingen ba ko da taku.

Bayan azahar matar Yaya ta zo, ta tsaya nesa, ta ce, "Yaya ya ce ki koma ɗaki ki shiga takaba. Mace ba ta tsayuwa a maƙabarta, kina ba mu kunya."

Na ce, "Ki ce masa takabar wa zan shiga, mijina yana kan gado? In yana son in shiga ɗaki ya zo ya sa ƙanensa a nasa ɗakin. In ba haka ba nan zai same mu gobe, shi da hancinsa."

Ta tafi. Ni kuwa na fara jin abin da ba na son ji daga likkafanin. Na san hakima ma ta ji. Ta jiƙa zani ta ƙara shimfiɗawa.

Wajen la'asar 'yan tsinkar auduga suka taso daga hawasha. Baƙi ne, Hausawan wajen Dinder, masu zuwa aikin kaka su koma, ba su san rigimar ƙauyenmu ba. Hanyarsu ta bi ta nan. Wani tsoho a gabansu, auduga duk ta manne masa a gemu, ya tsaya ya ce, "Baiwar Allah, gawar wa?"

Na ce, "Mijina."

"Musulmi ne?"

"Musulmi ne."

Ya dubi Turawan nan da ke riƙe da zani, ya dubi Dattijo, ya ce, "Kai fa?"

Dattijo ya ce, "Ni Kirista ne. Shi Musulmi ne, kuturu, mu muka yi jinyarsa. A kan shahada ya cika, ina riƙe da kansa."

Tsohon ya ce, "To mi aka jira? Ku aje buhunan nan."

Da fartanyoyinsu suka haƙa. Da aka gama ƙaramin ramin ciki sai aka rasa itacen da za a jera a kai kafin a tura ƙasa. Baƙi ba su da icce, ƙauye kuwa babu mai ba mu. Tsohon ya hangi katako a jere a gindin aduwa, ya ce, "Wannan fa na mene ne?"

Na dubi Dattijo ina roƙonsa da ido ya ce ƙyaure ne ya tsaya nan. Amma ai na san shi. Ya ce, "Ƙyauren ɗakin wancan ne. Ya yi akwatin gawa da shi bisa kuskure, mun sa shi a ciki, matarsa ta ce a kwance, mun kwance."

Tsohon ya juya katako ɗaya da ƙafa, ya duba gaba da baya. Ya ce, "Babu gicciye a kai?"

"Babu."

"To a yanka daidai rami."

Kafinta ya ɗauko zartonsa daga karo. Ya yanka yana miƙawa ta kan shinge, su suna karɓa.

Tsohon nan shi ya ja salla. Ban san sunansa ba, ban ƙara ganinsa ba, ina yi masa addu'a kullum. Suna daidaita sahu na ga mutum ya fito daga cikin ƙauye da sauri, rigarsa a kafaɗa. Yaya ne. Bai dube ni ba, ya shige ƙarshen sahu. Da aka zo sa shi, shi ya sauka cikin ramin ya karɓi ƙanensa, ya riƙe jikin da ya ƙi haɗa ƙwarya da shi. Faki bai zo ba, kuma har ya mutu bai ce ya yi kuskure ba. Ni ma ban je masa gaisuwa ba.

Sai da aka tura ƙasa aka yayyafa ruwa sannan mutanen mishan suka sauke hannuwansu. Hakima ta naɗe zanin ta miƙo mini, ta ce da Larabci, "Yanzu mun miƙa shi." Suka juya karo suka kama hanyar kwari, babu wanda ya ba su ko ruwa.

Na yi takabata a ɗakina. Bayan na fita na ci gaba da zuwa gidansu, ina kai musu kuɓewa da ƙwai, duk mai gani ya gani. Ɗakin kafinta tabarma ce rataye a ƙofarsa har shekarar da hukuma ta ce su bar ƙasar. Dattijo bai fasa tambayata ba, "Hajiya, har yanzu?" Ni kuma in ce har yanzu, Baba. Ban bar sallata ba ko sau ɗaya. Amma a gabana babu mai zaginsu in yi shiru, ko a gidan biki ne ko a gidan makoki, ko ɗan wane ne.

Saboda haka, ɗiyata, in kin gama ki kai wa matar nan ta gidan suna ki karanta mata a gaban mutane, da Hausa, in ba ta ji ki juya mata da Larabci. Ubanki yana kwance a gefensa na dama, fuskarsa na duban alƙibla, cikin farin tob ɗina, ƙyauren ɗakin Nasara ne ke tare masa ƙasa. Wanda abin ya tsaya wa a rai, fartanya na nan bayan ɗaki, ya ɗauka ya je ya duba.